Wasiƙa daga Gombe: karar shanu a gefen layin dogo

Abokina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya sanyin Ingila? Mu nan hunturu ya kama, ƙura ta rufe gari, amma kowa ƙalau. Hajiya na gaishe ka, ta ce ka daina aiko mata da hoto, kai take so ta gani.

Ka tambaye ni ina aka kwana a kan ƙaramin layin dogon nan da nake haɗawa a kan tebur a ɗakin baya. Jirgi dai yana zagayawa, tasha ta tsaya da ƙafarta, yanzu na koma kan karar shanu da wurin lodinsu. Nan ne aikin ya yi daɗi, nan ne kuma yake cin lokaci.

Hotunan da ka turo na kayan da ake sayarwa a shagunan can na duba su da kyau. Aiki ne mai tsabta, babu ƙarya. Sai dai ba namu ba ne. Shingen fari fes, ƙasa shafe da bulo, shanun kuma gajeru masu dabbare-dabbare, ba tozo, ba ƙaho na kirki. Idan na ɗora wannan a gefen tashar da na ce tana tsakanin Gombe da Bajoga, ko yaron da ke tallan fura a Tike, kasuwar dabbobinmu ta Gombe, zai yi mini dariya. Shi ya sa na ce komai da hannu zan yi shi.

Bari in fara da ma'auni, don shi ne ya yanke mini hukunci kan sauran. Layin da ya taso daga Kuru kusa da Jos, ya iso Bauchi a 1961, ya ratsa Gombe har ya dire Maiduguri a 1964, faɗin tsakanin ƙarafunsa milimita 1,067 ne, ya fi na Turai ƙunci. Ƙaramin layin da nake da shi kuwa milimita 16.5 ne, wanda Turawa ke amfani da shi a ma'aunin kashi 1 cikin 87. Da na bi nasu, jirgina zai fito da faffaɗar ƙafa irin ta jirgin Jamus. Amma idan ka raba 1,067 gida 64, abin da za ka samu ya yi kusa ƙwarai da 16.5. Sai na ɗauki 1 cikin 64. Riba biyu na ci: layin ya yi kama da namu, sannan komai ya ɗan ƙara girma. Mita ɗaya ta zama kamar milimita 16, bijimi mai tsayin mita ɗaya da 'yan kai ya zama santimita 2, wanda yatsa zai iya sarrafawa. Ga shi ƙananan motocin wasan yara na ƙarfe da yawansu kusan wannan ma'aunin ne, don haka motar dillali ba ta ba ni wahala ba.

Shingen da tsinken sakace na kafa shi. Kaurinsa milimita 2, wato a zahiri icen da ya kai santimita 13, daidai turken da zai riƙe sa. Na yanka su ba tsayi ɗaya ba, da gangan, wasu na ɗan karkata su, don ban taɓa ganin karar da turakunta suka yi sahu kamar sojoji ba. Na gicciye da tsinken tsintsiya. Fenti kuwa ban taɓa shi ba. Shayi na dafa mai kauri ba madara, na jiƙa tsinkayen a ciki suka kwana, suka fito da launin icen da rana da ruwa suka daka. Inda shanu ke goga jiki na ɗan murza da bakin fensir ya yi duhu yana sheƙi.

Ƙasar wurin ita ce abin da na fi alfahari da shi. Ƙasa ce ta gaske, na ɗebo a bayan gida, na shanya, na tankaɗe da rariyar uwargida (wannan maganar har yau ba ta mutu ba). Na barbaɗa a kan katako, na sirka farin gam na kafintoci da ruwa da ɗigon sabulun ruwa, na riƙa ɗiga shi da sirinji. Sabulun shi ke sa ruwan ya nutse maimakon ya dunƙule a sama. Kafin ya bushe na ɗauki tsinke mai baki biyu na dinga danna sawun kofato, da yawa a bakin ƙofa da gefen kwamin ruwa, kaɗan a kusurwoyi. Busasshen ganyen shayin da ya rage na niƙa ya zama kashin shanu. Harawa kuma zaren buhun algarara ne na tsefe na ɗaure.

Wurin lodin sai da na yi tunani. Dandamalin dole bakinsa ya yi daidai da ƙasan tarago, in ba haka ba duk wanda ya san dabba zai gane saniya ba za ta taka ba. Gangaren ma na miƙar da shi sosai, na ɗora siraran itatuwa a gicciye don kofato ya samu abin kamawa, na matse hanyar yadda sa ɗaya ne zai wuce, ba zai samu wurin juyawa ba.

Sai shanun. Ka tuna shanun laka da muke yi muna yara, mu soka musu ƙaya a matsayin ƙaho? To shi na koma, sai dai yanzu da siririyar waya a ciki don kada ƙafa ta karye, laka kuma na cuɗa da gam. Mafi yawansu bunaji ne, farare da baƙin baki da baƙin kunne. Na sa rahaji 'yan kaɗan, jajaye masu dogayen ƙaho, su ne suka fi cin ƙaya mai kyau. Akwai bokoloji guda mai guntun ƙaho da na ajiye shi kaɗai a turke, dillalai uku sun kewaye shi, ɗaya ya kama hannun mai saye sun rufe da hannun riga. Wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi fataucin shanu zuwa kudu ya shigo ya gani. Bai ce komai kan jirgin ba. Ya daɗe yana kallon garken, sannan ya ce shanuna sun cika ƙiba, a kara dole a ga ramammu, kuma ba a tsayar da su kowa na kallon gabas. Na sake matse wasu har awazu suka fito.

Shi ne ma ya zauna yana ba ni labarin zamanin da ake kora shanu da ƙafa ta burtali har kurmi, a yi makonni a hanya, ƙudan tsando ya sa musu sammore, a isa da ƙashi da fata. Jirgi ya rage wannan asara, daga baya tirela ta ƙwace kasuwar. Yau daga Potiskum ko nan Gombe duk a mota suke tafiya, yara zaune a saman katako. A 2021 an ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri. Allah Ya nuna mana, amma ni nawa ba zan jira ba.

Babban abokin gaba yanzu ƙura ce. Ta kwanta a kan ƙarfen layi jirgi ya tsaya cak, sai na goge da tsumma da ɗan sifirit. Da dare ina rufe teburin da tsohon zane. A kan karar kam ban damu ba, ƙara mata kyau take yi.

Ga roƙona. Jikin taragon shanu zan yi da kaina, da kwali mai kauri da siraran katako, in bar tazara a tsakani don iska. Abin da ba zan iya ba shi ne ƙafafu. Idan ka leƙa wuraren da ake sayar da na hannu, ka samo mini tsofaffin taragu na layin milimita 16.5, ko da jikinsu ya fashe, ƙasan kawai nake so, kuma ƙafafun su zama na ƙarfe. Kada ka sayi sabo, tsadar banza ce. In ka samu mai zuwa gida kafin Sallah ka ba shi, zan sa a karɓa a Abuja.

Ka gaida uwargida da yara, ka ce wa babban ina ajiye masa bijimi guda da zai yi wa fenti da hannunsa idan kun zo.

Wassalam,
Naka abokinka na Gombe