A Ceci Goggon Birin Kuros Riba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku don in ja hankalin hukuma kan kurmin Kuros Riba, inda aka kafa gandun dajin ƙasa a 1991. A tsaunukan iyakar Najeriya da Kamaru kaɗai ake samun wani nau'in goggon biri da bai fi 300 ba a duniya. Masu saran katako da manoman koko na ta cinye dajin, mafarauta kuma na ɗana tarkon waya don gada, ya datse wa birin hannu. Macen kuwa takan yi shekara huɗu kafin ta sake haihuwa. A wadata masu gadin dajin da kayan aiki, a kuma kama manyan dillalan katako, ba yaran da ke riƙe zarto kaɗai ba.

Naku,
Mai karatu daga Zariya