Shirin ruwan Abalak ya kamata ya hango shekara 20

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili in yi magana kan ruwan sha a Abalak, cikin jihar Tahoua. Gari na ta girma, makiyayan da fari ya kwashe wa dabbobi suna zama, ana yanka filaye, amma tiyo ba ya bin sababbin unguwanni. Da bazara sai ka ga mata sun jera bido a bakin famfo tun asuba, ƴan ga-ruwa kuma su ɗaga kuɗi.

Jama'ar Nijar na ƙaruwa da fiye da kashi 3 cikin 100 kowace shekara, ke nan nan da shekara 20 kusan ninki za mu yi. Shaton ruwan da aka auna da mutanen jiya ba zai ishe mu ba. Ruwan ƙasarmu kuwa yana da zurfi ƙwarai, haƙa foraj ba aikin wata ɗaya ba ne.

Ina kira ga hukumar gari da SPEN, kamfanin gwamnati mai gina kayan aikin ruwan sha a birane, su zauna tun yanzu: a ware filin foraj da hanyar tiyo kafin a raba filaye, a raba mashayar dabbobi da famfon gida, a kuma ajiye kuɗin gyaran injin kafin ya mutu.

Naka,
Wani mazaunin Abalak