Wasiƙar Godiya Ga Maɗaba'ar Da Ta Buga Mana Littafin Yara

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe Alhaji, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatanka, na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin malaman da suka tsara ɗan littafin karatun yara mai zane-zane da kuka buga mana a Sabon Garin Zariya. Mun ga ya dace jama'a su ji irin aikin da kuka yi mana.

Injin Risograph na kamfanin Riso Kagaku na ƙasar Japan, wanda da shi kuka buga littafin, yawancinmu mun san shi ne wajen buga takardun jarrabawa da baƙar tawada. Ma'aikatanka ne suka zaunar da mai zanenmu, suka fahimtar da shi cewa kowane launi da gangarsa ta tawada a cikin injin da stensil ɗinsa, wato takardar da ake huda zanen a jikinta don tawada ta bi ta ciki, saboda haka sai an raba zane, kowane launi da nasa fayil, a baƙi da toka-toka, ta yadda baƙi ƙirin zai ba da tawada cike, toka-toka kuma ya ba da launi mai haske.

Abin da ya fi burge mu shi ne gaskiyar da kuka faɗa mana game da tawadar. Shara-shara ce, ba ta rufe abin da ke ƙarƙashinta, don haka idan shuɗi ya hau kan rawaya sai kore ya fito. Da wannan dabara ganyen darbejiyar da ke bangon littafin ya fito kore shar, alhali launi biyu kacal muka biya. Da kun yi shiru kun caje mu kuɗin launi uku, babu wanda zai gane a cikinmu, kuma a wannan zamani ba kowane mai sana'a ne zai rage wa kansa ciniki da bakinsa ba.

Kun kuma gargaɗe mu cewa takarda takan ɗan goce idan ta koma cikin injin a zagaye na biyu, shi ya sa kuka sa bakin kowane launi ya ɗan shiga cikin maƙwabcinsa, kada farin layi ya bayyana tsakaninsu. Ƙananan rubutu kuwa kuka ce a bar su da launi ɗaya, kuma saboda haka lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ ta fito tsaf, abin da ke da muhimmanci ga yaron da yanzu yake koyon bambanta baƙaƙe. Manyan filayen launi kun rage musu nauyin tawada, kun zaɓi takarda marar sheƙi wadda take shan ta, sannan kuka bar launin farko ya kwana ya bushe kafin a ɗora na biyu, duk da matsin lambar da muke yi muku.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa sana'a albarka. Littafi na gaba ma gare ku za mu kawo shi, in sha Allahu.

Wassalam,
A madadin malaman da suka tsara littafin