A riƙa neman izini kafin a ɗora hoton wani a intanet

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin 'yan uwana Hausawa mazauna Legas, da ma na gida, game da ɗabi'ar ɗora hotunan mutane a Facebook da WhatsApp da TikTok ba tare da an tambaye su ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami ƙanwar matata bayan wani taron suna da aka yi a nan Agege. Wata ƙawarta ta ɗauke ta hoto cikin kwalliya, da lalle a hannu, tana rungume da jaririn, ta sa a sitatus ɗinta na WhatsApp, wanda awa 24 kawai yake yi ya ɓace. Ba a yi wata biyu ba sai wani ɗan uwanmu mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ya kira ni, ya ce ya ga hoton a wani shafin Facebook da wani suna daban, an rubuta wai mijin matar ya rasu, jaririn kuma yana kwance a asibiti, ga lambar asusu a taimaka fisabilillahi. Mijinta yana nan da ransa, yaron ma lafiyarsa ƙalau. Sai da muka tara jama'a suka yi ta kai ƙarar shafin kafin aka rufe shi, amma kuɗin da bayin Allah suka riga suka tura sun tafi, ita kuwa har yau ba ta yarda a ɗaga waya a gabanta.

Ƙawar ba ta yi da mugun nufi ba, kuma nan ne matsalar take. Ɓacewar sitatus ba ta goge abin da wani ya riga ya kwafa a wayarsa. Sannan hoto yakan faɗi abin da mai shi bai yi niyyar faɗa ba, kamar tambarin makarantar da ke rigar yaro, da lambar mota, da fasalin ƙofar gida, da sarƙar gwal da ke wuyan uwar gida. Idan kuma aka tura shi a matsayin fayil, alhali wayar tana adana wurin ɗauka, mai karɓa zai iya gano inda aka tsaya. A zamanin da ake fama da masu garkuwa da mutane, wannan ba abin wasa ba ne.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, sannan a watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasa, wato NDPC, ta kuma wajabta neman yardar iyaye idan bayanan yaro ne. Ya kamata masu ɗaukar hoton biki da masu yi wa amare kwalliya, waɗanda suke tallata sana'arsu a Instagram da fuskokin matan mutane, su san cewa kuɗin aiki aka biya su, ba a sayar musu da fuskar amarya ba.

Ina roƙon jaridarku ta yi wa masu karatu bayani da Hausa kan yadda ake kai ƙorafi ga wannan hukuma. Mu dai a gidanmu mun yanke shawara cewa a bikin da ke tafe bayan Sallah, sanƙira zai sanar tun farko cewa kada kowa ya ɗora hoton ɓangaren mata sai da yardar waɗanda ke ciki.

Wassalam.

Naku,
Mai karatu daga Agege, Legas