Mai Iya Kisa Daban, Wanda Ya Kashe Daban

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili domin in ja hankalin masu fassara labarai kan wasu sifofi biyu na Ingilishi, lethal da fatal, waɗanda ake yawan dunƙule su a ce "mummuna" ko "mai haɗari", alhali ba abu ɗaya suke nufi ba.

Lethal na nufin abu yana da ƙarfin ɗaukar rai, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Fatal kuwa na nufin an riga an rasa ran. Dafin gobe-da-nisa lethal ne ko da macijin yana kwance a raminsa bai taɓa kowa ba. Amma manomin da ya sara, aka garzaya da shi asibitin Kaltungo, aka yi masa allura ya tashi, saran nan bai zama fatal ba. Asalin kalmomin ma ya nuna haka: lethal daga letum ta fito, wato mutuwa a Latin, fatal kuma daga fatum, wato ƙaddara, abin da ya riga ya tabbata.

Saboda haka kafin mai fassara ya ɗora alƙalami, ya yi wa kansa tambaya guda: an mutu? In an mutu, ya rubuta "ya yi ajalin" ko "ya yi sanadin mutuwar". In ba a mutu ba, "mai iya kisa" ya wadatar. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kashi uku take raba haɗarin mota: wanda aka rasa rai, mai tsanani, da ƙarami. Na farkon ne kaɗai take kira fatal. "Mummunan haɗari" ya haɗiye na farko da na biyu, sai mai sauraro ya rasa ko ta'aziyya zai je ko dubiya. Laifin ba na Bahaushe kaɗai ba ne. Jaridun Turanci na gida ma sukan buga fatal accident, a ƙasa kuma su ce ba wanda ya rasu.

Haka fatally wounded. Ba "ya ji mummunan rauni" ake nufi ba. Raunin ne ya zama ajalinsa, ko da sai bayan kwana uku ya cika.

Inda lethal ta fi wuya shi ne labaran tsaro. A watan Janairun 2022 Jamus ta ce za ta ba Yukren hulunan kwano 5,000, kuma irin wannan ake kira non-lethal aid, wato agajin da babu makamin kisa a ciki: hula, sulke, magani, tanti. Wanda ya fassara shi "tallafin makamai" ya juya labarin gaba ɗaya. Harsashin roba da barkonon tsohuwa kuma, da non-lethal ake ce musu, yanzu an fi cewa less-lethal, don an ga harsashin roba yana kisa idan aka harba shi kusa ko ya samu kai. "Mai ƙarancin kisa" ya fi gaskiya a nan, "marar kisa" yaudara ce. Lethal injection ba ta da rikici, allurar zartar da hukuncin kisa ce, wadda jihar Texas ta Amurka ta fara aiki da ita a 1982.

Sai ma'aunin guba, LD50 (LD na nufin lethal dose, wato adadi mai iya kisa), da J. W. Trevan ya ɓullo da shi a 1927. Shi ne adadin da ke kashe rabin dabbobin gwaji, ana lissafa shi da miligiram a kan kowane kilo na nauyin jiki. Tarkon a nan shi ne, ƙaramar lamba ce ke nuna guba mai ƙarfi. Gishirin miya yana wajen 3,000 a jikin ɓera. Maganin feshin da lambarsa take 50 ya fi mai 500 haɗari nesa ba kusa ba, kuma manomi ne zai kwana a ciki idan aka karanta masa a juye.

A shafin wasanni dai a sassauta. Lethal striker bai kashe kowa ba, ɗan gaba ne da ba ya ɓarar da dama a bakin raga.

Naku,
Wani malamin Ingilishi, Zariya