Ba wabi ba ne, larurar gado ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ba na bari shirinku na kiwon lafiya ya wuce ni, shi ya sa nake roƙon ku ware mako guda domin yaran da ake haifa da larurar gado mai hana jiki sarrafa wani ɓangare na abinci. Abin ya shigo har cikin gidanmu.

Ƙanina ya auri 'yar baffanmu, auren zumunci irin wanda muka taso muka tarar. Haihuwa biyu suka yi, duka jariran suka koma kafin arba'in. Kowanne da ya kama nono 'yan kwanaki sai amai, sai gudawa, idanu su yi ruwan ɗorawa, ciki ya kumbura. Ba irin maganar da yarinyar nan ba ta sha ba. Wasu suka ce wabi take yi, wasu suka ce nononta ne ba shi da kyau, aka yi ta ɗura mata jiƙe-jiƙe. Ni kaina, Allah Ya yafe mini, na taɓa kai mata saiwa.

Da na uku ya fara irin wannan amai, kafin suna muka garzaya asibitin koyarwa na Shika. Likita ya tsaya ya tambayi labarin waɗanda suka rasu, ya tambayi dangantakar iyayen, aka ɗebi jini. Sunan larurar galaktosemiya. Akwai wani sukari a cikin nono, na uwa ne ko na saniya, wanda jikin irin wannan yaro ba ya iya sarrafawa. Sai ya taru ya taɓa hanta, ya kawo yana a ido, kuma ƙwayar cutar hanji da ake kira E. coli ta samu hanyar shiga jini. Aka mai da shi kan madarar jarirai ta waken suya da likita ya rubuta. Yanzu shekararsa 3, yana ta guje-gujensa, sai dai shi da kindirmo da fura da nono da shayi mai madara har abada.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da likitan ya ce daga uba da uwa duka yaro yake ɗauko abin, kuma kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da shi. Shekaru ke nan ana ɗora wa baiwar Allah laifin da ba nata ba. Amma kada wata uwa ta ji wannan ta yaye jaririnta da kanta. Larurar ba ta da yawa, kuma likita ne kaɗai ke yanke wannan hukunci.

A zaman jiran likita na gane larurorin iri-iri ne. Akwai yaran da jikinsu ba ya jure daɗewa ba abinci. Gudawa da aman dare ɗaya, wanda wani yaron zai warware da ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki, su kan sa sukarin jininsu ya faɗi, sai barcin da ba a saba gani ba, sai jijjiga. Irin wannan yaro ba a cewa haƙori ne, ba a tsayawa kemis, ba a jiran gari ya waye. Ƙarin ruwa mai sukari yake buƙata a asibiti. Game da gudawar kuwa, tun 2022 aka sa rigakafin rota cikin na yara da ake yi kyauta, amma a unguwarmu har yanzu akwai iyaye matan da ba su san cewa rigakafin gudawa ne ba.

Don Allah ku gayyato likitan yara ya yi bayani da Hausa, da hantsi lokacin da mata ke gida, a buɗe layi. A kuma tambaye shi inda talaka zai samu madarar nan da sauƙi, domin kuɗinta ya kusa durƙusar da ƙanina.

Taku,
Wata goggo daga Tudun Wada, Zariya