Kafin ƙungiyoyinmu su sa hannu a kan yarjejeniyar tallafi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana da shugabannin ƙungiyoyin raya al'umma na cikin gida, da kuma masu ba su tallafi daga ƙasashen waje. Aikinmu shi ne lissafin kuɗi da tsara ayyuka a irin waɗannan ƙungiyoyi, kuma abin da ya same su tun farkon 2025 ne ya sa muka ɗauki alƙalami.

Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump na Amurka ya sa hannu a kan umarnin dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90. Cikin 'yan kwanaki takardun tsayar da aiki suka fara isowa, kuma zuwa 1 ga Yuli hukumar USAID, mai raba tallafin Amurka a ƙasashen waje, ta rufe. Birtaniya, wadda ta rage tallafinta daga kashi 0.7 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.5 a 2021, ta sanar a Fabrairun 2025 cewa za ta sake saukar da shi zuwa 0.3 nan da 2027. Manyan ƙungiyoyin waje sun ji jiki, amma suna da ajiya da hedikwata da za su jingina da su. Ƙananan ƙungiyoyinmu na Maiduguri da Damaturu da Katsina da Sakkwato su aka bari da bashin albashi da na haya da na 'yan kwangila. Ba mu da iko a kan siyasar Washington ko ta Landan. Sai dai yawancin wannan ɓarna tana rubuce tun farko a cikin takardun da shugabanninmu suka sa wa hannu cikin murna ba tare da sun karanta ba, kuma wannan kam muna da iko a kansa. Tun ran gini ran zane.

Da wuya kuɗi ya taso daga mai bayarwa ya faɗo kai tsaye hannun ƙungiyar gida. Gwamnatin waje takan ba wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ko babbar ƙungiyar ƙasa da ƙasa, ita kuma ta yanko wani kaso ta ba ta gida, wadda ita ce ke shiga ƙauye. A taron jinƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016, manyan masu bayarwa sun yi alkawarin cewa zuwa 2020 kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa isa ga ƙungiyoyin gida ta hanya mafi kusa. Shekarar ta zo ta wuce ba a ko kusanci adadin ba. Saboda haka wanda ƙungiyar gida ke zama da shi a teburi galibi mai shiga tsakani ne, kuma shi ya kamata a yi ciniki da shi ido da ido.

Abu na farko da za a duba a kasafi shi ne kuɗin tafiyar da ofis. Kowane aiki yana cin abubuwan da ba sa fitowa a hoton rahoto: hayar ofis, man janareta, kuɗin intanet, albashin akanta da na mai gadi, ladan odita na shekara, cajin banki. Masu bayarwa sun san da haka. Tarayyar Turai tana yarda da har kashi 7 cikin ɗari a kan kuɗin aiki domin wannan. Dokar tallafi ta gwamnatin Amurka ta daɗe tana yarda da kashi 10, aka ɗaga shi zuwa 15 a Oktoban 2024. Abin da ke faruwa shi ne babbar ƙungiya ta karɓi wannan kaso a kan jimillar kuɗin, har da wanda ta miƙa wa ta gida, sannan ta ce wa ta gida ba a ba da kuɗin ofis, sai na aiki zalla. A 2022 kwamitin da ke haɗa hukumomin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya da manyan ƙungiyoyi ya fitar da ƙa'ida cewa a riƙa ba abokan aiki na gida nasu kason, ba tare da an ce sai sun kawo rasit a kansa ba. Shugaban ƙungiyar da bai san da wannan ba, ba zai tambaya ba, kuma ba wanda zai tuna masa.

Illar rashin wannan kaso ta wuce ƙunci. Ofishin da ba a ba shi kuɗin haya ba sai ya nemo shi ta wata hanya, kuma hanyar da aka fi bi ita ce a kumbura kuɗin taro, ko a rubuta mahalarta 50 alhali 35 suka zo. Daga nan amana ta fara lalacewa. Odita ya gano, a ce ƙungiyoyin gida ba su da gaskiya, a ƙara matse su, su kuma su ƙara dabara. Ba muna wanke mai ha'inci ba ne, amma wanda ya tsara kasafin da babu kuɗin fitila a ciki yana da nasa kason na laifi. Shawararmu ita ce kada a karɓi aikin da ba shi da aƙalla kashi 7, sannan albashin akanta da na jami'in sa ido a raba shi bisa lokacin da suke ba kowane aiki, a sa shi cikin kuɗin aiki kai tsaye, tare da takardar lissafin awanni da suke cikewa kowane wata.

Na biyu, da wane kuɗi aka rubuta yarjejeniyar? A ɗauki misalin aikin dala 100,000 da aka yi wa kasafi a farkon 2023, lokacin da dala take kusan naira 460 a farashin hukuma. An rubuta naira miliyan 46. A watan Yuni aka saki naira ta nemo farashinta, dala ta haura 750, a 2024 kuma ta kai wajen 1,500. Mai shiga tsakani yana riƙe da dala, amma naira miliyan 46 kawai ya ɗauki alkawarin biya, wanda a farashin 750 bai wuce dala 61,000 da 'yan kai ba. Ita kuwa ƙungiyar gida tana sayen man fetur da ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 bayan cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023, kuma ana jiran ta kammala adadin rijiyoyi ko azuzuwan da ta yi alkawari. Maganin wannan layi biyu ne a cikin yarjejeniya. Ko dai a rubuta jimillar da kuɗin mai bayarwa, a riƙa canzawa da farashin ranar da aka turo kowane kaso, ko kuma a rubuta cewa idan farashin canji ko na kaya ya motsa da fiye da kashi 10, za a zauna a sake kasafi. A kuma fayyace wa ke da ribar canji idan ta samu. Mu a ganinmu aikin ne ke da ita.

Na uku shi ne lokacin sakin kuɗi. Hukumomi irin su UNICEF sukan ba da kuɗin wata uku-uku, kuma ba a sakin na gaba sai an kawo lissafin na baya an amince da shi. Tsarin ba shi da aibu a takarda. Matsalar ita ce yarjejeniya takan ɗaure ƙungiyar gida da ranar kai rahoto, amma ba ta ɗaure mai karɓar rahoton da ranar amsawa. Rahoto ya kwana mako shida a kan teburin wani jami'i, ya dawo da tambaya guda a kan rasit ɗin naira dubu goma sha biyu, a sake jira. Damina kuwa ba ta jiran sa hannun kowa. Irin gero ko na dawa da ya isa hannun manomi a tsakiyar Agusta ya tashi daga iri ya koma abin tuwo. Haka abincin nan na gyaɗa da ake ba yara masu tamowa: katan ɗaya yana da ƙunshi 150, kusan abin da yaro guda ke buƙata na mako shida zuwa takwas, kuma yaron da aka katse wa shi a mako na uku yakan koma inda ya fito, ma'aunin damtsensa ya sake nuna ja. Lokacin da aka fi buƙatar abincin, daga Yuni zuwa Agusta, shi ne lokacin da rumbu ya ƙare kuma hanyoyi suka lalace. Don haka a nemi a rubuta cewa mai bayarwa zai amsa rahoto cikin kwana 15 na aiki, cewa za a iya neman kaso na gaba da zarar an kashe kashi 70 ko 80 na wanda ke hannu, kuma tambaya a kan rasit guda ba za ta tsare dukan kuɗin ba, sai adadin da ake tababa a kansa. Tsarin da ake cewa ku kashe naku a biya ku daga baya kuwa, ƙungiyar da ba ta da ajiyar wata uku ta guje shi.

Mu ma sai mun gyara gidanmu, domin ba a ciniki da ƙarfi alhali takardu ba su cika ba. Rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin ƙungiya mai majalisar amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, ita ce matakin farko, kuma ba ta ƙare a ranar karɓar satifiket ba: akwai rahoton shekara-shekara, wanda da yawa ke mantawa har sunansu ya koma cikin jerin ƙungiyoyin da suka daina aiki a shafin hukumar, inda mai bayarwa zai fara dubawa. Sai takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wadda bankuna ke nema, da lambar haraji, da shaidar cewa ana tura harajin albashi ga hukumar jiha, ana kuma zuba fansho, kashi 10 daga ƙungiya, kashi 8 daga ma'aikaci. Kowane tallafi da asusunsa na banki, da masu sa hannu biyu aƙalla. Wanda ya nemi a saya, da wanda ya amince, da wanda ya biya, kada su zama mutum guda. Majalisar amintattun da ta ƙunshi mai ƙungiya da matarsa da ƙaninsa ba ta tsallake binciken farko, kuma bai kamata ta tsallake ba. Takardun farashi uku da ɗan kasuwa ɗaya ya rubuta da biro kala uku, odita ya fi kowa saninsu.

Akwai wurin da mai gaskiya ma ke faɗawa rami. Mai babur da ya kai ma'aikaciyar lafiya ƙauye ba shi da rasit, haka matar da ta dafa wa mahalarta taro abinci. Idan aka sayo littafin rasit a kasuwa aka cike musu, an yi jabu ko da kuɗin gaskiya ne, kuma odita zai ce a mayar da kuɗin daga aljihun ƙungiya. Abin yi shi ne bauca, wato takardar shaidar biya, ta ƙungiya mai lamba a jere: sunan wanda aka biya, lambar wayarsa, aikin da ya yi, kwanan wata, adadi da lamba da kalmomi, sa hannu ko dangwalen yatsa, da shaida guda, kamar mai unguwa ko shugaban asibitin. A nuna wa mai bayarwa samfurinta tun kafin a fara aiki, a karɓi amincewarsa a rubuce. Duk izinin da aka bayar ta waya, na sauya layin kasafi ne ko na ƙara wata, a bi shi da imel a ranar, domin jami'in da ya ce "ba komai, ku ci gaba" yana iya barin aiki kafin odita ya zo, kuma bincike na iya zuwa bayan shekara uku ko biyar.

Sashen da ba a cika karantawa ba shi ne na soke yarjejeniya, wanda 2025 ta nuna shi ne mafi tsada. A tabbatar akwai wa'adin sanarwa, kwana 30 a ƙalla, 60 ya fi. A rubuta cewa za a biya duk abin da aka riga aka ɗauki nauyinsa kafin ranar sanarwa: kayan da aka yi oda, albashin wa'adin sallama, ragowar haya. Kwangilar ma'aikata ta dace da tsawon tallafin, kada a ɗauki mutum na shekara biyu a kan kuɗin wata goma. A kuma faɗi tun farko wa zai mallaki mota da kwamfutoci da bayanan mutanen da aka yi wa rajista. Rijiyar burtsatse mai sola tana buƙatar wanda zai wanke faifan, ya canza famfo idan ya ƙone, ya san inda ake sayen kayan gyara. Idan ba a kafa kwamitin gari mai asusu da ɗan kuɗin jarka tun watan farko ba, aka bar shi sai makon miƙa aiki, rijiyar za ta tsaya, allon da ke ɗauke da tambarin mai bayarwa ya ci gaba da tsayuwa a gefenta.

Ga masu bayarwa, roƙonmu kaɗan ne. Ku kira ƙungiyar gida tun ana rubuta takardar neman aikin, ku nuna mata dukan kasafin, ba shafinta kaɗai ba. Ku amince da binciken da wata hukuma ta riga ta yi mata a shekarar, maimakon kowa ya turo nasa mai bincike da tambayoyi iri ɗaya. Asusun Jinƙai na Najeriya da OCHA, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai tsara ayyukan jinƙai, ke gudanarwa tun 2017 domin Borno da Adamawa da Yobe ya nuna ana iya ba ƙungiyar gida kuɗi kai tsaye idan ta ci jarrabawar cancanta. Arewa maso yamma, inda tamowa da gudun hijira suka yi ƙamari a Zamfara da Katsina da Sakkwato, tana buƙatar irin wannan ƙofa.

Kai kuma Edita, idan wakilanka suka je bikin ƙaddamar da wani aiki, muna roƙon su ƙara tambaya uku a kan jawabin babban baƙo: nawa ne jimillar kuɗin, nawa ne ya shiga asusun ƙungiyar da ke aikin a ƙasa, kuma wa zai riƙe aikin ranar da tallafin ya ƙare. A buga amsar da aka samu, in an ƙi amsawa ma a buga hakan.

Wassalam.

Daga wasu akantoci da jami'an tsare-tsare na ƙungiyoyin raya al'umma,
Kano da Maiduguri.